Tambaya da Amsa: Koyar da Darasin Farko na Ilimin Duwatsu a Jami'a

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun karkata ne kan kwas ɗin gabatarwa na jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu da ma'adinai, wanda ake koyar da shi ga ɗaliban shekarar farko. An taƙaita wasu daga cikin wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da kama aikin koyarwa a wata jami'a ba, sai shugaban sashenmu ya ɗora mini kwas ɗin gabatarwa na jiyoloji. Ɗaliban sun haura 300, kuma mafi yawansu 'yan sashen injiniya ne da na aikin gona da na ilimin taswirar ƙasa, ba namu ba. Littafin da na tarar ana amfani da shi ya fara da asalin duniyoyi, ya bi ta kan ƙanƙarar da ke gangarowa daga duwatsun Turai, ba ya zuwa kan duwatsun ƙasarmu sai a babin ƙarshe. Ta ina ya kamata in fara, kuma me zan iya bari? Daga wani sabon malami.

Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya sanya albarka a sabon aiki. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne abin da kai da kanka ka faɗa, cewa yawancin mutanen da ke zaune a gabanka ba za su sake ɗaukar wani kwas na jiyoloji ba har su gama jami'a. Saboda haka abin da ka ba su a wannan zango shi ne guzurinsu na rayuwa a wannan fanni, kuma da shi injiniya zai yanke shawara kan harsashin gini, da shi malamin gona zai fahimci dalilin da ya sa ƙasar fadama ta bambanta da ta jigawa. Idan ka tsara kwas ɗin kamar kana shirya ƙwararrun masana duwatsu su ɗari uku, za ka cika allo da sunaye, su haddace, su rubuta jarrabawa, su manta kafin hutu ya ƙare.

Shawarata ita ce ka juya tsarin littafin nan, ka fara da dutse a hannu. A darasin farko ka shiga aji da buhu, ka raba gutsattsarin duwatsu iri uku ko huɗu a kowane layi, ka ce kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani: launi, girman ƙwayoyi, ko ƙwayoyin sun sarƙe da juna ko kuwa an manne su ne, ko akwai layuka, ko dutsen yana da nauyi fiye da yadda girmansa ya nuna. Kada ka ba su suna ko ɗaya a wannan rana. Ɗalibin da ya lura da kansa cewa ƙwayoyin giranit sun cusa cikin juna ba tare da wani gurbi ba, alhali na dutsen yashi zagayayyu ne kuma suna zubewa idan an murza, ya riga ya gano bambancin dutsen da ya daskare daga narkakken dutse da wanda ruwa ya tara, tun kafin ka faɗa masa.

Daga nan sai ka ɗauki makonni huɗu ko biyar kan ma'adinai da rukunan duwatsu uku, wato waɗanda suka daskare daga narkewa, da na shimfiɗa masu hawa-hawa, da waɗanda zafi da matsi suka rikiɗar. Ma'adinai goma sha biyu sun wadatar a wannan mataki, matuƙar ɗalibi zai iya gane su da hannunsa. Bayan haka ka shiga batun tsawon zamani, sannan motsin faifayen ɓawon ƙasa, wato manyan ɓangarorin da saman ƙasa ya kasu a kansu, domin a lokacin suna da tambayoyin da wannan nazari zai amsa. Wasu abokan aiki sun fi son a fara da motsin faifayen tun makon farko, suna cewa shi ne igiyar da ta ɗaure fannin gaba ɗaya, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Ni dai a ganina wannan ya fi dacewa da ɗaliban Japan ko Indunusiya, waɗanda suka taso suna jin ƙasa tana girgiza a ƙarƙashinsu. Namu ɗaliban suna zaune ne a tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa, don haka sai an fara nuna musu shaida a cikin duwatsun gida kafin maganar ta zauna.

Shaidar kuwa tana nan birjik. Kusan rabin Nijeriya yana kan tsohon dutsen tushe ne, wanda aka dama shi aka sake murɗe shi a wani babban karo na faifayen ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, kuma giranit ɗin da ya fito a matsayin dutsen Kufena kusa da Zariya ɗan wancan zamani ne. Kwarin Binuwai tsaga ce da ta buɗe lokacin da Amurka ta Kudu take rabuwa da Afirka, sai dai ita ba ta kai ga zama teku ba, ta cika da yashi da laka masu kaurin kilomitoci, kuma a wannan kwari ne aka sanar da samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2019. Akwai kuma jerin giranit masu ƙarancin shekaru da suka taso daga duwatsun Azbin a Nijar, suka biyo ta Damagaram, suka shigo Dutse da Riruwai har tsaunukan Jos, shekarunsu suna raguwa yayin da ake yin kudu, kuma su ne uwar kuzar da aka shafe shekaru ana haƙa. Tsaunukan Biu narkakken dutse ne da ya malala, tafkin Tila kuma bakin dutse mai aman wuta ne da ya mutu. Malamin da yake da waɗannan a hannu ba ya buƙatar ya fara da babban kwazazzabon nan na Amurka, wato Grand Canyon.

Makonni uku na ƙarshe ka ware su ga abin da zai bi ɗalibai gida: ruwan ƙarƙashin ƙasa, zaizayar ƙasa, ƙasar gini, da haƙar ma'adinai. Ka bayyana musu dalilin da ya sa rijiyar burtsatse a kan dutsen tushe take dogara da ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagogin da ke cikinsa, har a haƙa biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta bushe, alhali a Maiduguri akwai shimfiɗun yashi uku masu riƙe ruwa, mafi zurfinsu ya haura mita 500. Ka yi musu bayanin ƙasar firgi ta Barno, wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta fasa gini da kwalta. Kada kuma ka rufe kwas ɗin ba ka yi darasi guda cikakke kan abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sakamakon gubar dalma, saboda dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje don fitar da zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ta bi ƙasa da abinci da hannuwan yara.

Abin da za ka bari kuwa ba wuya. Babin ƙanƙara mai gangarowa ya ishe ka da rabin awa, asalin duniyoyi darasi guda, tsare-tsaren siffofin lu'ulu'u kuma a bar wa 'yan sashe su same shi a shekara ta biyu. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta, don haka ka zauna da shugaban sashenku ka nuna masa sabon jerin kafin zango ya fara, kada ya ji labari a bakin ɗalibai.

Malam, barka da aiki. Ni ce ke kula da darasin gwaji na wannan kwas a makarantarmu. Madubin duba ƙananan abubuwa guda biyu ne kawai ke aiki, akwatin samfuran duwatsu da aka sayo daga waje kuma rabinsa ya ɓace, sauran takardun sunayensu sun goge. Shin akwai amfanin ci gaba da darasin gwaji a haka? Daga wata malama.

Malama, akwai amfani ƙwarai, kuma zan ce gara a soke lacca biyu da a soke darasin gwaji ɗaya. Ɗan shekarar farko ba ya buƙatar babban madubi, wannan aikin shekara ta biyu ne ko ta uku, lokacin da za a fara duba dutsen da aka yanka siriri. Abin da yake buƙata shi ne ƙaramin madubin hannu mai ƙara girma sau goma, da ƙusa ko wuƙar ƙarfe, da gutsuren gilashi da aka goge bakinsa, da fasasshen tayil wanda za a yi amfani da bayansa marar sheƙi, da maganaɗisu, da 'yar kwalbar asid mai rauni, kashi 10 cikin ɗari, wanda sashen kimiyyar haɗe-haɗe zai iya haɗa miki. In ban da madubin da asid ɗin, duk sauran ana samunsu a kasuwa ko wurin masu gini.

Da waɗannan kaɗai ake aiki da ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa daiman. Farce yana kusa da biyu da rabi, don haka yana karce jifsom, wani ma'adini mai laushi, amma ba ya karce kalsayit, ma'adinin dutsen farar ƙasa. Gilashi da wuƙa suna wajen biyar da rabi, kwaz kuwa, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, bakwai ne, shi ya sa yake zana gilashi. Ɗalibi ya ɗiga asid a kan dutsen farar ƙasa ya ga yana tafasa, ya ɗiga a kan kwaz ya ga shiru, to ba zai sake rikita su ba ko da launinsu ya zo ɗaya. Gwajin da na fi so a yi wa kowane ɗalibi shi ne na bambanta zinariya da firayit, wannan ma'adini mai ruwan gwal da ya sha yaudarar mutane a ƙauyukan haƙa. Idan aka goga firayit a bayan tayil, baƙin zane mai ratsin kore yake bari, kuma idan aka buge shi farfashewa yake yi, ita kuwa zinariya rawayan zane take bari, kuma bajewa take yi a ƙarƙashin guduma. Nauyin zinariya ya ninka na ruwa sau 19, na firayit kuwa sau biyar ne kacal.

Game da samfura, kada ki ɓata lokaci kina jiran a sayo wani akwati daga waje, domin samfurin akwati ɗan ƙarami ne, tsaftatacce, guda ɗaya tak, kuma ba haka dutse yake bayyana a daji ba. Abin da kike buƙata shi ne iri kaɗan amma da yawa, misali gutsure arba'in na giranit da arba'in na dutsen yashi, yadda kowane ɗalibi zai riƙe nasa, ya karce shi, ya jiƙa shi, ba tare da ana tsoron zai lalace ba. Wurin masu fasa dutse zai ba ki giranit da nais, wato dutse mai layuka da zafi da matsi suka rikiɗar, kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Marmara tana bakin kowace hanya. Masu sayar da tozali a kasuwa sukan ajiye dunƙulen dutsen dalma mai sheƙi da nauyi, wanda yake fashewa murabba'i-murabba'i, sai dai ki sa doka a wanke hannu bayan an taɓa shi, kuma kada a niƙa shi a aji. Kanwa ma samfuri ce mai kyau ta ma'adinin da ke taruwa idan ruwan tafki ya ƙafe. Ki rubuta wa takwarorinki na wasu jami'o'i ku yi musaya: na Sakkwato su aiko da dutsen farar ƙasa na Kalambaina da jifsom, na Jos su aiko da kuza da basal, wato baƙin dutsen aman wuta, na Gombe su aiko da dutsen yashi na Bima, na Katsina da farin yumɓun Ƙanƙara. Idan kin samu wanda zai kawo miki gutsuren baucayit, wato koren dutsen nan mai duhu na garin Bauchi wanda Farfesa Mosobalaje Oyawoye ya yi nazarinsa ya kuma raɗa masa sunan garin, ɗalibai za su ji daɗin sanin cewa akwai dutsen da duniya ta san shi da sunan wani gari nasu.

Abu guda da ba a sassauci a kansa shi ne rajista. Kowane samfuri a ɗiga masa farin fenti, a rubuta lamba, a shigar da lambar cikin littafi tare da wurin da aka samo shi da ranar da sunan wanda ya kawo. Samfuran nan na akwati da sunayensu suka goge kuma kada ki zubar, ki ba 'yan shekarar ƙarshe aikin gano su.

Ranka ya daɗe, a da muna jin ana kai ɗalibai Jos ko Sakkwato su yi mako guda a daji. Yanzu kuɗin mota ya yi tsada, hanyoyi da yawa kuma babu tsaro. Wasu malamai sun ce a nuna hotuna da bidiyo a aji kawai. Mene ne ra'ayinka? Daga wani mataimakin malami.

Kan batun tsaro babu jayayya: duk inda akwai shakka, ba a kai 'ya'yan mutane. Babu wani dutse da ya kai ran ɗalibi daraja, kuma malamin da ya yi kasada a nan ya ci amanar iyayen da suka damƙa masa yaransu. Amma ban yarda cewa zaɓi biyu ne kawai ba, ko Jos ko bidiyo. Doguwar tafiya dama ta 'yan sashe ce a manyan azuzuwa, kuma ita ce ya kamata a tara mata ɗan kuɗin da ke akwai. Ɗan shekarar farko fita ta rabin yini sau biyu ko uku ta ishe shi, kuma da wuya a samu jami'ar da ba ta da abin gani a tafiyar ƙafa ko ta ƙaramar mota.

Wanda ke Kano yana da Dala da Goron Dutse, tuddai ne da marmara mai arzikin ƙarfe ta rufe samansu ta hana su zaizayewa, kuma a nan za a haɗa darasin ruɓewar dutse da tarihin maƙeran da suka narka tama a wurin tun kafin a gina ganuwa. Wanda ke Sakkwato yana kusa da dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, cike da ɓawon halittun ruwa, shaidar cewa teku ta taɓa ratso Sahara ta kwanta a wurin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan yana da gindin rafi da rani, ko kwazazzabon da ruwa ya ci, ko kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, ko inda aka yanka tudu don fitar da hanya. Ko wurin da ake haƙa rijiyar burtsatse a cikin makaranta aji ne: a roƙi masu aikin su jera abin da ke fitowa daga kowace mita uku, ɗalibai su ga jar ƙasa ta koma ruɓaɓɓen dutse, ruɓaɓɓen ya koma garin dutse mai tauri, su ga kuma a wane zurfi ruwa ya fara fitowa.

A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kada rukuni ya wuce mutum ashirin zuwa ashirin da biyar ga mai kula ɗaya, a nemi taimakon ɗaliban digiri na biyu. Malami ya riga ya je wurin shi kaɗai, ya gai da mai unguwa ko dagaci ya nemi izini, domin taron matasa da guduma a gonar mutum ko kusa da maƙabarta yana jawo fitina cikin sauri. A fita da sassafe a lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe duwatsu suka fito fili. Mai bugun dutse ya sa tabarau, kowa ya sa rufaffen takalmi saboda maciji da kunama, a kuma tabbatar akwai malama ko babbar ɗaliba tare da ɗalibai mata. Wayar hannu tana da amfani wajen ɗaukar lambobin wuri da hoto, amma a tilasta zane da fensir a littafin fita, tare da ma'auni da alamar arewa, saboda mai ɗaukar hoto yana iya wucewa bai duba ba, mai zane kuwa dole ya tsaya ya yanke shawara kan inda wannan shimfiɗa ta ƙare wata ta fara.

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibar shekarar farko ce. Malaminmu ya ce shekarun duniya miliyan 4,540 ne. Wasu a ajinmu suka ce wannan ƙirƙirar Turawa ce kuma tana karo da addini, malamin kuma ya ce mu rubuta kawai domin zai fito a jarrabawa. Ta yaya aka san wannan adadi?

Wa alaikumus salam, 'yata, tambayarki ta fi amsar da aka ba ku kyau. Adadin ba zato ba ne, awo ne. Wasu sinadarai, irin su yuraniyom, suna rikiɗa a hankali su koma dalma, kuma saurin wannan rikiɗa an auna shi a ɗakunan gwaji, zafi ko matsi na cikin ƙasa ba sa sauya shi. Nau'in yuraniyom da ya fi yawa yana ɗaukar kimanin shekaru miliyan 4,470 kafin rabinsa ya rikiɗe. Akwai wani ɗan ƙaramin ma'adini mai suna zirkon da ke karɓar yuraniyom a lokacin da yake ƙulluwa amma ba ya karɓar dalma, saboda haka dalmar da aka samu a cikinsa daga baya ta taru, kuma idan aka auna yawan biyun za a lissafa tun yaushe ya ƙullu. Mafi tsufan zirkon da aka samu, a yammacin Ostireliya, ya kai kimanin shekaru miliyan 4,400. Adadin duniya kanta kuwa an same shi ne daga duwatsun da ke faɗowa daga sama, aikin da Clair Patterson ya wallafa a 1956, kuma awon da aka sake yi da wasu sinadarai daban ya ci gaba da ba da amsa kusan iri ɗaya.

Shi kuwa tunanin cewa ƙasa tana sauyawa a hankali cikin dogon zamani ba a Turai kaɗai aka yi shi ba. Kusan shekaru dubu da suka wuce, Albiruni ya duba tsakuwa da yashin filayen Indiya ya ce wurin teku ne a da wanda koguna suka cike, Ibn Sina kuma ya yi rubutu kan yadda duwatsu ke samuwa da yadda ruwa da iska ke cin su. Batun fassarar nassi kuwa ki kai shi ga malaman addini da kika amince da iliminsu, domin ba fagena ba ne, kuma bai kamata malamin jiyoloji ya mai da ajinsa wurin fatawa ba. Abin da ke kansa shi ne ya nuna yadda aka yi awon da inda iyakarsa take, ya kuma saurari mai tambaya ba tare da izgili ba.

Ga malaman da ke karanta wannan, hanya mafi sauƙi ta nuna girman wannan adadi ita ce igiya mai tsawon mita 45 da ɗoriya, a miƙe ta a filin makaranta, kowace mita ta tsaya a madadin shekaru miliyan 100. Giranit ɗin Kufena zai faɗo a mita shida daga ƙarshe, ƙadangarun nan manya da aka tono ƙasusuwansu a Gadufawa cikin hamadar Nijar a ɗan sama da mita ɗaya, tekun Kalambaina a santimita 60, duk tarihin da ɗan Adam ya rubuta kuwa bai kai kaurin silin gashi ba.

Malam, yaya za a tsara jarrabawa ga aji mai yawa haka ba tare da ta zama hadda zalla ba? Daga wani malami a Jamhuriyar Nijar.

Malam, abin da aka ɗora wa maki shi ɗalibai ke karantawa, don haka idan kana son su iya gane dutse, sai ka sa gane dutse ya ci maki mai tsoka. Daga makin aikin zango, wanda a yawancin jami'o'inmu yake tsakanin kashi 30 zuwa 40, ka ba da rabi ga gwajin tebur: a jera samfura goma zuwa goma sha biyar, kowanne da kayan gwajinsa, ɗalibi ya yi minti biyu a kowane tebur, a buga ƙararrawa ya matsa. Ka raba makin yadda bayanin abin da ya gani zai fi sunan nauyi, domin wanda ya rubuta tauri da launin zane da yadda samfurin ke fashewa daidai amma ya kuskure suna ya fi wanda ya canki suna ba hujja. Tsakanin rukuni da rukuni a sauya wasu samfuran, saboda labari yana riga rukuni na biyu shiga ɗaki.

A babbar jarrabawa ba laifi a yi tambayoyin zaɓi don sauƙin dubawa, amma a gina su kan zane: a ba da hoton shimfiɗun duwatsu da wata tsaga ta ratsa, a tambayi wanne ya riga wanne. A ƙara da tambaya guda ta rubutu mai ɗauke da matsala ta gaske, misali ƙauye a kan giranit irin na Damagaram yana neman wurin haƙa rijiya, ko dalilin da ya sa ake samun yuraniyom ɗin Arlit a cikin dutsen yashi alhali asalinsa daga duwatsun Azbin ne.

Malam, ɗana ya samu gurbin karatun jiyoloji, alhali likitanci ya nema. Mun ji ana cewa babu aikin yi a wannan fanni sai a kamfanin mai. In bar shi ya ci gaba ko ya sake jarrabawa? Daga wani uba.

Alhaji, kamfanonin mai kaɗan suke ɗauka, wannan gaskiya ne, amma ba su ne kaɗai ƙofa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka karanta wannan fanni a yankinmu a harkar ruwa suke, suna binciken inda za a haƙa rijiyoyin burtsatse da kula da haƙar, wasu kuma suna gwajin ƙasa kafin a yi hanya ko gada ko madatsar ruwa, wasu suna kamfanonin siminti irin na Sakkwato da Ashaka, wasu a harkar ma'adinai, wasu a Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda asalinta ya koma 1919. Akwai kuma majalisar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kamar yadda ake yi wa injiniyoyi. Sai dai aiki ne na rana da ƙura da yawan tafiya, yana kuma buƙatar lissafi da kimiyyar haɗe-haɗe da iya aiki da kwamfuta wajen zana taswira.

Tun da darussan shekarar farko na kimiyya kusan iri ɗaya ne a sassa da dama, ku bar shi ya shiga ya yi wannan shekara da gaske, ya halarci darasin gwaji da fita daji, sannan ku zauna ku tambaye shi. Idan har lokacin zuciyarsa tana kan likitanci, yana iya sake rubuta jarrabawar shiga jami'a yana cikin karatu, ko ya nemi sauyin sashe idan makinsa ya kai abin da jami'ar ta gindaya.